Mun Ajiye Ciwo Sai Mun Je Italiya

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni ce shugabar wata makarantar firamare a Kafanchan, ina dab da ajiye aiki, kuma ina cikin manyan zumuntar mata ta cocinmu. Mace ce ni mai tsari, har tsiya ake yi mini da shi. In biki ya taso a dangi, ni ake kira in faɗi ranar da za a sayi shinkafa da wadda za a yanka akuya, kuma ba mai ja da ni. Da abu biyu nake taƙama a lokacin: ba a cutata a kasuwa, kuma ba a jin maganar gidana a waje. Su biyun nan ne suka kai ni inda nake yau. Na rubuto muku ne ba don a tausaya mini ba, sai don na san akwai irina da yawa cikin masu karanta wannan mujalla.

Maigidana tsohon malamin labarin ƙasa ne a sakandare. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana Bahar Rum a allo, yana koya wa yara cewa a can ruwan sama sai lokacin sanyi yake sauka, akasin namu, alhali shi ko tekun Legas bai taɓa gani ba. Mutum ne mai sanyin hali da yawan dariya, ba ya iya musu da ni, kuma ba ya iya riƙe magana a cikinsa. Ya daɗe da hawan jini, amma ciwon bai taɓa kwantar da shi ba, saboda yayarsa. Ita tsohuwar nas ce, tana aure a Kagoro can gindin dutse, kowa Mama Nas yake ce mata. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kusan kowace Lahadi bayan sujada za ta hau mashin ta zo gidanmu da jakarta, ta naɗe masa hannun riga ta auna jininsa, ta duba ko yana shan magani, in ta ga abin bai yi mata ba ta tasa shi gaba sai wurin likita. Daga nan kuma ta shiga kicin ɗina ta ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi yawa. Ba zan ɓoye ba, wannan shiga kicin ta daɗe tana ci mini rai. Ga ta da surutu, abin da ta ji da safe kafin rana ta yi tsaka ya kai kasuwa. Haƙuri kawai muke yi da juna.

'Yarmu ta fari gwaggonta ta gado, ita ma nas ce, tana aiki a wani gari na bakin teku a kudancin Italiya. Wajen Ista ta kira mu ta ce ta shirya, tana so mu zo mu huta, babanta ya ga abin da ya yi ta zanawa a allo. Ita so ta yi da zarar biza ta fito mu taso, ko da cikin Yuli ne ko Agusta. Ni kuwa sai na fara tambayata farashi, kamar ina gaban mai tumatir. Ta bayyana mini cewa watannin nan su ne lokacin da Turawa ke hutu, garin yakan cika da 'yan yawon buɗe ido, jirgi da otal da abinci duk su yi tsada, ga zafi. Amma daga ƙarshen Oktoba baƙi sun watse, komai ya sauko, mutum zai shiga tsofaffin gine-gine ba layi. Ina jin haka na ce magana ta ƙare, sai Nuwamba. Maigidana ya ɗan yi gyaran murya ya ce shi zafi bai dame shi ba, kuma mai shekaru irin nasa ba ya son dogon alkawari. Na ce masa yarinya ba tsintar kuɗi take yi ba, kuma wa zai duba mana gonar citta in mun tafi tsakiyar damina? Ya yi dariya ya ce to, ai ma ya fi, zai ga tsinkar zaitun, zai kuma ga ruwan lokacin sanyin nan da idonsa.

Ban taɓa ganin mutumin nan cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Kullum da yamma in yarinyar ta taso daga aiki sai ta kira mu ta bidiyo, ta juya wayar ta nuna masa teku, shi kuma ya buɗe tsohuwar taswirarsa a kan cinya yana bin garuruwa da yatsa. Su biyu suka tsara inda za mu je da jirgin ƙasa, da wani tsibiri da za mu tsallaka in teku bai yi fushi ba, domin ta ce a lokacin jiragen ruwa ba kullum suke tashi ba. Ta gargaɗe mu cewa rana na faɗuwa da wuri, gidajen abinci da yawa a rufe suke, kuma mu nemi kwat da suwaita da lema. Ya koyi gaisuwarsu, yana yi mini ita da safe in na kawo masa shayi. Ni kuma na matsa mata ta sayi tikiti mafi araha tun da wuri. Ta ce mini irin wannan ba a canja masa rana, in an fasa ya tafi ke nan. Na ce ba abin da zai sa mu fasa.

Sai maganar ɓoyewa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a faɗin tafiya ƙasar waje sai an sauka. Mun ga wanda ya yi godiya a coci tun kafin ya tashi, tafiyar ta watse, aka ce baki ne ya kama shi. Ni mai zuwa sujada ce, ina koya wa mata cewa ba abin da ya fi ƙarfin Ubangiji, amma can cikin raina ina tsoron bakin mutane. Ga kuma tsoro na zahiri, domin a 'yan shekarun nan in aka ji kana da ɗa a Turai har yana aiko maka da tikiti, masu garkuwa da mutane sun sa maka ido ke nan. Don haka na kafa doka a gida, ba wanda zai ji. Da muka je Abuja neman biza, na ce wa maƙwabta maganar fansho ce ta kai mu. Kayan sanyi kuwa ban yarda na saya a kasuwar Kafanchan ba, inda mai gwanjo ya san sunan kakata. Sai da na tafi har Kaduna, na sauka wurin ƙanwata a Mararaban Rido, na ce mata wa wani ɗalibi nake saya wa. Na dawo da su a buhun shinkafa.

Matsalata ɗaya ita ce Mama Nas. Na san in ta zauna da ƙanenta minti kaɗan, ta dube shi da idon nan nata, zai zazzage mata komai. Ga akwatuna sababbi a ɗaki, ga kwat a rataye, ita kuma ba ɗakin da ba ta shiga. Sai na fara janye ta a hankali. Wannan Lahadi in kira ta in ce muna da taron zumunta, ta gaba in ce za mu gona a Fadan Kaje, garinsu, ta gaba kuma in ce hanya ta lalace da ruwa, kada ta wahalar da kanta a kan mashin. Maganinsa in ya ƙare ni nake zuwa kemis da kwalin in sayo irinsa. A ganina na gama komai, tunda dai yana haɗiyar ƙwaya. Ban tsaya na yi tunanin cewa ba ƙwayar ce kaɗai take kawo ta ba. Maigidana ya yi mini magana sau ɗaya, ya ce yana kewar yayarsa, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wa wadda ta goya shi. Na ce masa in mun sauka lafiya ita za mu fara kira. Gaskiya kuma, har da jin daɗi na yi, na samu damina guda ba wanda ya ɗanɗana mini miya.

Cikin Agusta ya fara kukan ciwon kai a ƙeya. Na ce yawan kallon waya ne. Daga baya ya ce in ya miƙe tsaye jiri yake ɗibarsa, na dafa masa zoɓo ba sukari da tafarnuwa. Ranar da ba zan manta ba ita ce wata safiya cikin Satumba. Yana riƙe da kofin shayi sai kofin ya suɓuce ya fashe, ya buɗe baki zai yi magana harshensa ya yi nauyi, abin da ya fito ban gane shi ba. Amma kafin in ɗauko gyale in nemi mai Keke, ya dawo daidai, yana dariya yana cewa tsufa ne. Muka zauna muka dubi juna, kuma kowannenmu ya san abin da ɗaya yake tunani. In muka je asibiti a nan, inda rabin ma'aikatan ɗalibansa ne, likita zai iya cewa ba zai hau jirgi ba, ga tikitin da ba a canjawa. In muka kira yayarsa, asiri ya tonu. In muka gaya wa yarinyar, za ta ce a dakata. Ni ce na fara furtawa. Na ce masa saura kaɗan, ya daure, asibitocin can sun fi namu kayan aiki, kuma 'yarsa a ciki take aiki, muna sauka za a duba shi daga kai har ƙafa. Ya ce haka ne. Muka ɗauki ciwo muka ajiye shi gefe guda kamar kayan da za a sa a akwati.

Bayan wannan da 'yan kwanaki Mama Nas ta zo ba tare da ta kira ba. Na ji tsayuwar mashin na leƙa, sai ga ta da jakarta. A daidai lokacin maigidana yana ɗaki sanye da kwat, yana gwadawa a madubi. Na fita da sauri na tare ta a bakin get, na ce ai ya tafi gona tun da safe. Ta dubi takalminsa da ke ƙofar falo, ta dube ni. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce in gaya mata tsakani da Allah, yaya jikin ƙanenta. Na ce lafiyarsa ƙalau, har ƙiba yake yi. Ta ɗan tsaya kamar tana jiran in ƙara wani abu, sannan ta ce to, in ya dawo in ce ya zo Kagoro ta gan shi. Ko ruwa ban ba ta ba. Ta juya ta tafi bakin titi neman wani mashin, tsohuwa da ciwon gwiwa, ni kuma na koma ciki ina jin na yi dabara.

Ƙarshen Oktoba, akwatunanmu a ɗaure, ya tafi Fadan Kaje don ya damƙa gonar a hannun ɗan ƙanensa kafin mu dawo a tone citta. Ina makaranta da hantsi aka kira ni aka ce ya faɗi a tsakiyar gona. Kafin a samo a-kori-kura a fito da shi titi, kafin a iso Kafanchan, rana ta yi nisa. Na same shi a gadon asibiti, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, idonsa kaɗai ke bina. Mama Nas ta riga ni isowa. Likita ya tambaye ni yaushe rabon da a auna jininsa. Ita ce ta amsa daga bayana, a hankali, ta ce tun farkon damina. Ya sake tambaya ko an ga wata alama kafin yau. A nan ne na faɗi maganar kofin shayi, a gabanta. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya ce dai wannan gargaɗi ne jiki ya yi, kuma da an kawo shi a ranar da akwai abin da za a iya yi. Na juya na ga Mama Nas ta sulale ta zauna a ƙasa, a kan simintin asibiti, ta ɗora hannu biyu a ka.

Aka tura mu asibitin Jos. Bai sake magana ba. Ni na kira yarinyar na gaya mata, kuma sai da na gaya mata duka, domin tambayoyin ma'aikaciyar asibiti ta yi mini, ba na 'ya ba. Da na kai kan kofin shayi sai ta tambaye ni me ya sa kullum muna magana ta bidiyo amma ban taɓa faɗa mata ba. Tana hanyar dawowa babanta ya cika. A makon da ya kamata mu kasance a bakin teku, muna Fadan Kaje ana haƙa kabari a bayan gidan mahaifinsa.

Wurin zaman makoki ne aka ƙarasa ni. Mutane suna shigowa gaisuwa, sai wata dattijuwa daga zumuntarmu ta riƙe hannuna tana kuka ta ce ashe tafiyar ba za ta yiwu ba. Na ɗago na dube ta. Bayanta wani abokin aikinsa ya ce Malam ya ƙwallafa rai a kan ganin tekun nan, Allah bai nufa ba. Maƙwabciyata ta ce tun ranar da ta ga na shanya kwat a bayan gida ta gane, tana ta yi mana addu'a. Har fastonmu ya ce yana jiran mu zo ne ya sa mana albarka. Kowa ya sani. Sun yi shiru ne kawai don sun ga ba na so a sani. Kuma don ku ga irin zurfin da abin ya yi a raina, tunanin da ya fara zo mini shi ne, to ga shi, bakinsu ne ya kama shi. Sai da na tuna fuskar likitan nan sannan kunya ta rufe ni.

Bayan an watse na tafi Kagoro na durƙusa a gaban Mama Nas. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita tun makon Ista ta sani, domin yarinyar ita ta fara kira don murna, ta kuma roƙe ta ta yi shiru har sai na faɗa mata da bakina. Matar da nake cewa ba ta riƙe magana, ta riƙe wannan wata da watanni. Ta shiga ɗaki ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, cike da acca da daddawa da busasshiyar kuɓewa da ta tara wa 'yar ƙanenta, tana jiran ranar da zan ce mata za mu tafi. Ta ce ba ta taɓa niyyar hana shi tafiya ba, so ta yi ta daidaita masa jini ya hau jirgi da ƙarfinsa. Ta ce ranar da na tare ta a get ta san yana ciki, ta yi niyyar ture ni ta shiga, sai ta tuna gidan aurena ne, ba ta so a ce ta raba ƙanenta da matarsa da tsufa. Ta ce wannan kunyar da ta ji ita ce abin da ba za ta yafe wa kanta ba.

Na yi ta juya abin nan a raina tun daga lokacin. Tafiyar da na ɓoye duk gari ya san da ita, ciwon da ya kamata duk gari ya sani shi kaɗai na iya ɓoyewa. Ban ce neman araha laifi ba ne, ban kuma ce mutum ya hau mumbari ya yi shelar tafiyarsa ba, zamanin ya lalace, na sani. Amma 'yan'uwana mata, musamman ku da ake yaba muku da iya tsari, ku duba da kyau wa kuke rufe wa ƙofa in kuna rufe sirri. A kowane gida akwai mutum ɗaya da ya kamata a bar wa hanya ko da bakinsa bai yi muku ba. In tsoho ya ce muku ba ya son dogon alkawari, ku saurare shi. In kuma kuka ga hannu ya saki abu, ko harshe ya yi nauyi ko da na ɗan lokaci ne, ku kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, ko da tikitin zai ƙone. Kada ku ce sai an je inda ya fi kayan aiki.

'Yata tana kirana, tana aiko mini da abin da nake bukata, amma ba ta sake cewa in zo ba, ni ma ban tambaya ba. Mama Nas kuwa muna haɗuwa a jana'iza da bukukuwan dangi, tana amsa gaisuwata da mutunci. Sai dai a wajenmu dangin miji matarmu suke ce wa mace, haka take kirana tun ranar da aka kawo ni gidansu ina yarinya, ko muna cikin faɗa. Tun da muka dawo daga Jos ba ta sake kirana haka ba. Malama take ce mini, kamar yadda iyayen yara suke ce mini a makaranta.